Bencin da Ke Kashe Kwamfutar Sito

Daga: Mai Kula da Sito
Zuwa: Mai Girma Shugaban Ma'aikata
Kwanan wata: Litinin, 14 ga Maris, 2022

Game da: Rahoton injiniya a kaina da kan kwamfutar sito

Ranka ya daɗe,

Injiniyan kwamfuta ya rubuta maka cewa na'ura lafiyarta ƙalau, ni ne na lalace. Ya ce a sallame ni. Bayan gaisuwa da girmamawa, ga ƙorafina.

1. Shekara ashirin da huɗu nake aiki da kwamfutar nan. Bokona bai wuce aji uku ba, amma ko ƙusa ɗaya ba ta taɓa ɓata a sito ba.

2. Tun ranar Litinin, 7 ga Fabrairu, ta fara wani hali. Tana cikin aiki sai faifan cikinta ya yi ƙas-ƙas-ƙas, allo ya yi shuɗi, ta rubuta da Turanci cewa ba ta ga faifai ba. Faifai kuwa yana nan. Na buɗe na gan shi da idona.

3. Na hure mata ƙura. Na canza soket. Na juya mata fankata, ni na zauna cikin zufa. Na hana shan shayi kusa da ita. Ba ta daina ba. Sai na sayi littafi, duk sa'ad da ta mutu in rubuta wanda ke cikin ɗakin. Sau goma sha ɗaya ta mutu. Sau goma direban babbar mota, wanda ake kira Tirela, yana zaune a bencin baƙi. Ofishina a bene yake, daɓen katako ne, benci da tebur suna kan katako ɗaya. In mai jiki ya zauna, katako ya lotsa, tebur ya karkata, wayar faifai ta saki. In ya tashi, ta koma.

4. Sau uku injiniya ya zo, sau uku tana aiki kamar sabuwa, don ta kunyata ni. Na yi masa bayani. Ya zauna a bencin, ya yi tsalle a kai, ba abin da ya faru. Ranka ya daɗe, ka san injiniyan nan. In iska ta taso, sai ya riƙe ƙofa. Na ce ya sake zama rungume da buhun siminti biyu. Ya yi dariya a gaban masu shara, ya ce tsufa ne. Na girmi ubansa.

5. Saura mutuwa ta goma sha ɗaya. Ta faru ranar Alhamis, 3 ga Maris, ƙarfe goma da kwata na safe. Tirela ya yi tafiya, ba ya nan. Ranar ce ka kawo mana ziyara, ka huta a bencin. Ban ce komai ba a lokacin, saboda girmanka. Girman muƙami nake nufi.

Saboda haka ina roƙo cikin ladabi:

(a) a dakatar da maganar sallamata;
(b) a sa kafinta ya tokare katakon, injiniya kuma ya ɗaure wayar;
(c) kafin nan, ka daure ka hawo sito ka zauna a bencin na minti biyar a gaban injiniya. Zai fi kyau bayan cin abincin rana.

In ba ta mutu ba, zan ajiye makullai da hannuna. In ta mutu, ya janye rahotonsa a gaban masu sharan nan.

Allah ya ƙara girma, ya ƙara lafiya.

Naka mai biyayya,
Mai Kula da Sito

Ƙari: Za ka ce me ya hana in kira Tirela. Na kira shi yau da safe, injiniya yana nan. Labari ya riga ya zaga gareji, ana ta yi masa tsiya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Baba, ni direba ne, ba buhun gwaji ba. Ba zan zauna ba."