Randarka da Jirgin Japan

Zuwa ga kakana, Malam Bawa tsohon soja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina sanar da kai cewa Baffa Sani yana son kawar da randarka ta ƙofar gida, ya gina shago a wurin. Ya ce yanzu kowa ruwan leda yake sha. Na ce ban yarda ba, kuma na san dalilina.

Kai ka ba ni labarin, kana zana wani jirgin ruwa na yaƙi da yatsa a ƙasa: dogo, da bututun hayaƙi uku, bindigogi gaba da baya. Haka wani fursuna ɗan Japan ya zana maka shi a ƙarshen yaƙin Bama, lokacin da aka sa ka gadin fursunoni. Shi fursunan matuƙi ne a cikin jirgin. Shekaru jirgin yana rakiyar manyan jirage, yana kai sojoji tsibiri-tsibiri. Sau biyu ana ragargaza shi ana gyarawa. A na uku jirgin ƙarƙashin ruwa ya fasa masa ciki, ya nutse kafin a gama sauke kwale-kwale.

Ta bakin tafinta ya ce maka waɗanda suka tsira sun yi kwanaki a kan teku, ƙishirwa tana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya. Kai kuwa, ɗan Illela da ya saba jan guga gaba ashirin, ka fashe da dariya. "Mi? Mutum shi mutu da ƙishirwa tsakar ruwa?" Ka ɗauki fursunan maƙaryaci, har ya miƙo gwangwaninsa a ƙara masa ruwa ka hana.

Sai ranar dawowa gida ka kamfaci ruwan teku a bakin gaɓa ka kai baki. Ka ce gishirin bai dame ka ba kamar kunyar.

Tun daga nan ka kafa randar, shekara da shekaru kana cika ta. Angona mai taurin kai, ko tsufa bai sa ka bar wa kowa gugan ba. Ina kewarka ƙwarai.

Jiya na tara baffannina na faɗa musu duka. Ashe Baffa Sani bai san labarin ba. Za a yi shagon, amma zai matsa gefe. Da safen nan wata mai tallan nono daga Lafani ta sha moɗa biyu, ta wanke fuskar goyonta.

Allah Ya yafe maka gwangwanin nan, Ya shayar da kai daga Alkausara.

Jikarka,
Balkisu