Kada Mu Sayar da Gonar Baba, Yaya Nomau

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga yayana Nomau, a duk inda wagga takarda ta same ka cikin ƙasar Yarbawa. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, Inna tana gaishe ka, mutanen gari ma suna gaishe ka, waɗanda sunka rage ke nan.

Ban san unguwar da kake ba, shi ya sa na rubuta a fili. Wanda ya karanta kuma ya san ka, don Allah ya isar.

Saƙonka ya iso ta bakin direban motar garin Isa. Ka ce a sayar da gonar Baba ta bakin hanyar Bafarawa, wai ƙasa ta mutu, gari ya kusa zama kufai, in ɗauki Inna mu koma birni. Na ji. Kai ne babba, kuma rabonka haƙƙinka ne. Amma ba ni sayarwa sai ka zo ka gani da idonka, kuma za ni gaya maka dalili.

Ka tuna sassaben da munka yi shekarar da Baba ya rasu? So muke a ce ya bar maza. A garinmu ai gona mai toho ta raggo ce. Munka bi ta da gatari, ba mu bar sabara ba, ba mu bar kalgo ba, munka tara munka cinna wuta. Gona ta yi fes kamar tsakar gida ranar Salla, tsofaffi suna wucewa suna sa mana albarka.

Da ruwa ya sauka munka yi shuka, gero ya tsiro. Sai iskar hadari ta taso daga gabas, ba abin da zai tare ta, yashi ya binne shi. Sau uku muna sakewa, har iri ya ƙare, ruwa kuma ya ɗauke. Da kaka ka tafi ci-rani, yau shekara shida. Na sani, Yaya, kunya ta kore ka fiye da yunwa. Ni ma na ji ta.

Bayan tafiyarka Gwaggo Tumba, ƙanwar Baba da ke aure wajen Maraɗi, ta zo duba Inna. Ta bi ni gona, ta riƙe haɓa, ta ce: "Ila, wa ya tuɓe wa gonar yayana riga?" Ta nuna mini kututturen da munka sare. Ta ce bai mutu ba, saiwarshi tana ƙasa tana shan ruwan da mu ba mu gani. In ya toho, in zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, in datse saura, in bar su su tashi. Na ce za a kira ni raggo. Ta ce in bari a kira, suna ba ya hana tuwo wucewa.

An kuwa kira. Mai unguwa ya zaunar da ni ya yi mini nasiha, wai tsuntsaye za su sauka, inuwa za ta kashe gero, kada in zubar da mutuncin gidanmu. Na yi kunnen uwar shegu. Ba jarumta ba ce, ba ni da sauran abin da za ni rasa ne.

Fari bai tafi ba, bana ma ruwan ya yi mana rowa. Amma iska in ta zo tana tarar da masu tare ta, ganye yana zuba yana rufe ƙasa. Ba ni ce maka rumbu ya cika ba. Abin da za ni ce shi ne mun daina cin iri. Inna, da take yini a daji neman itace, yanzu rassan da nake datsewa sun ishe ta. Ardo Jaɓɓi, da ya daina sauka wurinmu don ba abin da shanu za su ci, ya dawo da rani, suna cin ganye suna bar mana taki, Inna tana samun nonon fura.

Mai unguwa da kanshi yana barin toho yanzu, har yana cewa dama ya daɗe da wanga tunani. Na bar shi da Allah! Gidaje uku da anka toshe da ƙaya an buɗe su, mahauci ya koma yanka ranar Juma'a. Rijiya har yau sai an yi haƙuri, makaranta ba ta da rufi. Amma garin da ake gardamar wa zai fara jan guga bai mutu ba. Kai kuma kana can kana yi wa taubasanmu Yarbawa dako, Bagobiri guda!

Alhajin da ke son gonar ya zo da mota daga Isa. Ya zaga, ya yaba ƙasa, ya ce farkon abin da zai yi shi ne turo masu gatari su share mashi dajin ga don tarakta ta samu hanya. Na ce mashi babban mai gona ba ya nan.

Ka zo kafin ruwan shuka, Yaya. In ka gani ka ce a sayar, ba ni ja da kai. Amma ka san wannan: gefenka na gabas ban taɓa barin shi ba, tun da ya fara ba da amfani ina noma shi kamar nawa. Geronka yana cikin ƙaramin rumbu daban. Bara da damina akwai ranakun da kunu kaɗai munka sha, na kai hannu za ni buɗe, Inna ta hana. Ta ce na Nomau ne, kada ya dawo ya tarar ba a aje mashi komai ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba mu damina mai albarka, Ya kawo ka gida Inna tana da sauran gani.

Ƙanenka,
Ila