Robar Rukayya da Ɗigon Ruwa

Yaya Hajiya Binta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Alhaji da yara. Ya ƙafar taki? Ya zaman Ikko? Mu nan Bakori sai godiya, masara ta yi goyo.

Kin san faɗan da na yi da Rukayya ta wajena da ta ce a kan roba take bincike a jami'a, har na ce bokiti za ta ƙera mana. To, jiya ta ajiye roba biyu a gabana, ta ɗiga musu ruwa. A kan ɗaya ruwan ya dunƙule kamar a ganyen gwaza, a kan ɗayar kuwa ya baje ya kwanta. Wallahi ido bai bambanta su! Ta ce wannan ta biyun a inji ta saka ta, wata iska mai shuɗin haske, wai filasma, ta gyara bayanta don jikin mutum ya karɓe ta. Haka suke so a yi wa robar fitsari, ta daina cin naman majiyyaci.

Yaya, sai na tuna kukan marigayiya Inna duk ranar da za a sauya mata tata. Allah mai iko!

Ki gaida kowa, ki sa yarinyar nan a addu'a. Ni dai na roƙe ta gafara.

Ƙaninki,
Sani