Fitilar da Ta Kayar da Doguwa

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da 'yan biyu. Ya ƙafar Mama? Ki ce mata ta daina wasa da magani.

Kin tambayi aikin da na samu. Wasan rawa ake shiryawa a kan kiɗan rok, irin mai jitar lantarki da ganguna kamar ana rushe gini, ni ce kuma mai tsara hasken dandamali. Na sha hawa tsani ina ɗaura fitilu, ja a gefe, shuɗi daga sama, har kafaɗata ta yi tsami. Daraktanmu, da muke kira Mai Tabarau don ko a duhu ba ya cire su, ya ce shi walƙiya yake so, wato fitilar nan mai ƙyaftawa da sauri, ta riƙa bin bugun ganga.

Jiya muka gwada. Babbar 'yar rawarmu, Doguwa, tana tsakiyar juyi na kunna walƙiyar, sai ta sandare ta faɗi, jiki na karkarwa, kumfa a baki. Ashe tana da farfaɗiya, irin wadda ƙyaftawar haske ke tayarwa, ta ɓoye don kada a hana ta aiki. Na kashe fitila na ruga. Yaya, muna tallafe da kanta, shi kuwa Mai Tabarau ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo! Da ta farfaɗo ko sannu bai ce mata ba. Cewa ya yi, "Yawwa, abin da nake nema ke nan tun farko."

Ki gaida kowa da kowa.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina fatan wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Na ji daɗi da kika ce Mama ta fara takawa.

Abin da ya biyo baya ya fi na farko ƙazanta. Mai Tabarau ya kira ni gefe, wai in bar walƙiyar yadda take, a bar Doguwa a wurinta, in ta faɗi a gaban jama'a ai ba za ta mutu ba. Na ce masa ba da hannuna ba. Sai ya cire Doguwa, ya mayar da ita ɗakin kaya tana guga. Ya miƙa wa wata 'yar rawa bidiyon, ya sa ta haddace faɗuwar: sandarewa, karkarwa, har da sabulu a baki don ya yi kumfa.

Na tattara jakata zan tafi, Doguwa da kanta ta riƙe ni. Ta ce abokan rawarta sun yi watanni suna zubar da gumi, kada wasa ya rushe saboda ita. Na zauna, amma Allah ya sani kamar na haɗiyi ƙuda.

Ranar wasa zaure ya cika maƙil. Doguwa ta hauro ɗan ɗakin da nake sarrafa fitilu, ta zauna ta juya wa dandamali baya, ta naɗe idonta da mayafi. Ganguna suka haukace, jita na kururuwa, na danna maɓallin. Yarinyar da ta maye gurbin Doguwa ta faɗi tana shure-shure. Yaya, jama'a suka miƙe tsaye! Tafi, fito, ihu. Na hango wata mata tana dariya tana goge hawaye.

Cikin wannan hayaniya Doguwa ta laluba ta kamo hannuna, ta ce a hankali, "Auta, haka nake yi?"

Na ce mata a'a, ko kusa. Ƙarya na yi. Iri ɗaya ne sak, har yadda yatsun ƙafa ke lanƙwashewa.

Da aka tashi, Mai Tabarau ya hauro baki har kunne, wai haskena ne ya ɗaga wasan, kuma za mu zagaya garuruwa da shi. Na ajiye masa makullan ɗakin a kan kujera na wuce, ban ko dube shi ba.

Ki gyara mini ɗakin baya, ina nan tafe ƙarshen mako. Ki shimfiɗa katifa biyu, ba ni kaɗai ba ce. Kuma don Allah ki ja wa 'yan biyu kunne, kada su ce baƙuwata ta yi musu rawa.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta