Hotunan Suna Sun Fito Fari Fat

Assalamu alaikum, Yaya Sani. Ina gajiya? Ya Legas, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Gummi lafiya lau, jaririya ma tana ta girma.

Yaya, raina a ɓace yake. Ka tuna ka tambayi maigidana wace na'urar auna haske za ka aiko masa don sana'arsa ta hoto? Na ce ya zaɓi ƙaramar mai aiki ɗaya, ya ƙi, wai shi mai yin komai yake so, ita kuwa ka aiko masa.

Ranar suna Inna ta zo daga Gwashi duk da ciwon ƙafarta, ta rungume jikarta a tsakar gida. Ni kuma na sha lalle kamar amaren littattafaina. Maigidana yana ta latse-latse, ashe ya bar na'urar kan awon cikin ɗaki, ga rana tsaka, bai ko duba bayan kyamara ba. Fuskar Inna ba ta fito a hoto ko ɗaya ba, kuma ta koma gida.

Don Allah aiko ƙaramar, dole ya kai mu Gwashi a sake. Waccan na ɓoye ta ƙarƙashin littattafaina, inda ba zai taɓa dubawa ba.

Sa mu a addu'a, ka gaida Anti.

Ƙanwarka,
Safiya