Inuwar Kaka

Alhamis da dare, Zurgu

Yau Inna ta ce in nemo mata hoton mijinta, marigayi Kaka, tun idonta bai gama rufewa ba. Na zazzage akwatinsa kaf. Shi ne dagaci, shi ne kuma farkon mai ɗaukar hoto a nan. Ya ɗauki kowa, shi babu wanda ya ɗauke shi.

Amma rana yake ba wa baya in zai ɗauka, sai inuwarsa ta kwanta gaban mutane a hoton. Na kai mata hoton sunan Baba. Ta daɗe da shi dab da fitila.

"Ka ga karkacewar rawanin nan? Har ya mutu bai iya naɗi ba."

Ta yi dariya, sannan ta ce in fita. Har yanzu ina jin kukanta ta bango.