Fuskar Tagulla da Haƙorin Kakanki

Takwarata,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki. Allah ya ƙara muku lafiya da zaman lafiya. Mu nan kalau muke, sai gwiwata da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Kawunki direba ya yi tumbi, yanzu sai ya ja kujerar mota baya kafin ya shiga.

Na ga saƙonki, wai za ki ajiye koyarwa saboda hedimasta ya rubuta miki wata kalmar Turanci a takarda, don kin faɗa masa a gaban malamai cewa sau uku kina gaya masa ƙarfen matakalar bene na girgiza, yara kuma na jingina da shi. Turancina bai kai nan ba, sai na kai wa maƙwabcinmu, tsohon malamin makaranta. Ya buɗe ƙamus ya ce ma'anarta tsaurin ido da rashin kunya, asalinta kuma daga sunan tagulla ne, wato mai fuskar da ba ta motsi don kunya, kamar an ƙera ta. Na ce ashe ma yabo ne, tagulla ai ba ta tsatsa. Ya ce ba yabo ba ne. Na ce to shi ya sani.

Gado kika yi. Ina budurwa ina shara a asibitin haƙori, aka zaunar da wani saurayi da kumatunsa na hagu ya kumbura. Likita ya ɗauko abin cirewa ya nufi dama. Ina riƙe da tsintsiya na ce ba wannan ba ne. Ya kalle ni kamar tsintsiyar ce ta yi magana, ya kira ni fitsararriya, ya kore ni waje, amma na hagun ya cire. Washegari na je na ba shi haƙurin ɗaga murya, ban ba shi haƙurin maganar ba, na koma sharata. Saurayin nan shi ne kakanki, Allah ya jiƙansa. Har ya rasu da haƙorin daman nan yake tauna.

Don haka kar ki ajiye aiki. Gaskiya ɗaci gare ta, a gaban jama'a kuma ɗacinta ninki ne. Ki same shi shi kaɗai, ki rusuna, ki ba shi girmansa. Amma kar ki fito sai ya faɗa miki ranar da mai walda zai zo.

Gwaggonki mai ɗinki na gaishe ki, haka Auta da yaranta. Ki gaida min angona, ki ce ya riƙa buɗe baki yana duba haƙoransa, bai san ranar da zai gode wa tsaurin idonki ba.

Taki har kullum,
Kakarki, tsohuwar tagulla